DARASI NA BAKWAI: RAGE ƘIBA DA TSARE NAUYIN JIKI

7.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya ƙunshi bayani a kan ƙiba, da hanyoyin rage ta, da kuma yadda mutum zai tsare nauyin jikinsa bayan ya rage. An zaɓi wannan batu ne saboda dalilai guda biyu. Na farko, malamin Hausa yakan ci karo da batutuwan kiwon lafiya a littattafan karatu da darussan auna fahimta, don haka yana bukatar sanin kalmomin fannin tare da sahihin bayani a kansu. Na biyu kuma, ƙiba ta zama ruwan dare a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 manyan mutane kimanin biliyan 2.5 ne nauyinsu ya zarce kima, kuma miliyan 890 daga cikinsu sun kai matakin ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta.

Abin da darasin zai fi mayar da hankali a kai shi ne, mutane da yawa kan iya rage nauyi cikin 'yan watanni, amma kaɗan ne ke iya hana shi dawowa. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar ƙiba da yadda ake auna ta;
(b) kawo dalilan da ke sa ƙiba ta dawo bayan an rage ta;
(c) zayyana ɗabi'un da ke taimakawa wajen tsare nauyi;
(d) tsara darasi a kan wannan batu da Hausa mai sauƙi.

7.1 Ma'anar Ƙiba da Yadda Ake Auna Ta

Ƙiba ita ce taruwar kitse a jiki fiye da kima, har ya kai ga cutar da lafiya. Harshen Hausa na da kalmomi da dama da suka danganci wannan hali. Akwai teɓa, wadda ke nufin tsoka mai taushi da ke lilo a jiki. Akwai tumbi, wato cikin da ya turo gaba. Akan ce mutum ya murje ko ya yi ɓulɓul idan ana yaba cikar jikinsa, akan kuma kira shi lukuti idan ana zolaya. Kishiyar ƙiba ita ce rama, idan kuma ta yi tsanani a ce ƙanjamewa.

Likitoci ba su dogara da gani da ido kawai ba. Suna amfani da wani ma'auni da ke gwama nauyi da tsayi, wanda wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ya ƙirƙiro a ƙarni na 19. A shekarar 1972 ne masani Ancel Keys na Amurka ya ba shi sunan da ake taƙaitawa da BMI. Yadda ake yi shi ne, a auna nauyin mutum da kilo, a auna tsayinsa da mita, a ninka tsayin da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Alal misali, mai tsayin mita 1.70 idan aka ninka tsayinsa da kansa za a sami 2.89. Idan nauyinsa kilo 65 ne, ma'auninsa ya zama 22.5, idan kuwa kilo 90 ne, ya zama 31.1. Ga yadda aka karkasa sakamakon ga manya:

(i) ƙasa da 18.5: rama;
(ii) daga 18.5 zuwa 24.9: nauyin da ya dace;
(iii) daga 25 zuwa 29.9: nauyi ya zarce kima;
(iv) daga 30 zuwa sama: ƙiba mai cutarwa.

Sai dai wannan ma'auni ba ya bambance kitse da tsoka. Ɗan kokawa mai murɗaɗɗen jiki na iya haura 25 alhali ba shi da kitse. Haka kuma ba a amfani da wannan rabe-rabe ga mai juna biyu ko ƙananan yara. Saboda haka akan haɗa da awon ƙugu, domin kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna tsayin mutum da zare, a ninke zaren gida biyu, a zagaya shi a tsakiyar ciki daidai saman cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Daga cikin cututtukan da ƙiba ke buɗe wa ƙofa akwai ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa, da sarƙewar numfashi cikin barci, da kuma wasu nau'o'in ciwon daji.

7.2 Ƙiba a Tunanin Bahaushe

A al'adar Bahaushe ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali. Idan aka daɗe ba a ga mutum ba aka ce masa ya yi ƙiba, to yabo ne. Idan kuwa ya rame, abin da za a fara tambaya shi ne ko lafiya. Amaryar da ta murje bayan aure akan ce mijinta yana kula da ita, tumbin attajiri kuma akan danganta shi da kuɗi. Wannan tunani yana da tushe, domin ya samo asali ne a zamanin da fari da yunwa da cututtuka ke ramar da mutane, ga kuma aikin ƙarfi dare da rana. Manomi na wuni yana noma, mace na surfe da daka da niƙa da ɗiban ruwa, fatake kuma na tafiyar kwanaki a ƙasa. A irin wannan rayuwa ba kowa ke samun rarar da za ta zama kitse ba.

Yanzu rayuwa ta sauya, musamman a birane. Injin niƙa ya maye gurbin dutse da turmi, babur da a-daidaita-sahu sun rage tafiyar ƙafa, ma'aikaci na wuni a kujera, sannan ga lemon kwalba da taliya da burodi da soye-soye a kowane lungu. Abinci ya ƙaru da mai da sukari, aikin da ke ƙona shi kuma ya ragu, amma tunanin da ake yi wa ƙiba bai sauya ba. Wannan ne ma ya sa wasu, musamman 'yan mata, ke shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ake sha don haka, irin su dezametason, an yi su ne domin wasu cututtuka, kuma daɗewa ana shan su na kumbura fuska, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana ƙashi.

7.3 Dalilin da ke Sa Ƙiba ta Dawo

Ana auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da ake kira kalori. Idan abin da aka ci ya fi abin da jiki ya ƙona, sai ragowar ta zama kitse. Idan kuma jiki ya ƙona fiye da abin da aka ci, sai ya koma ga kitsen da ya tara, nauyi ya ragu. Da ganin wannan bayani mutum zai ɗauka cewa lissafi ne mai sauƙi. Sai dai jikin ɗan Adam yana ɗaukar raguwar kitse tamkar alamar yunwa ce ta tunkaro, don haka yakan ɗauki matakai guda biyu domin ya mayar da abin da ya rasa.

Mataki na farko shi ne ƙara jin yunwa. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa mutum kwaɗayin abinci. Akwai kuma wani sinadarin mai suna girelin da ciki ke fitarwa, wanda aikinsa tayar da yunwa ne. A wani bincike da aka buga a 2011, masana a birnin Melbon na Ostireliya sun sa mutum 50 sun taƙaita abinci sosai na mako 10, suka rage kimanin kilo 13 a matsakaici. Bayan shekara guda da aka sake auna su, an tarar har lokacin leftin na ƙasa, girelin na sama, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara.

Mataki na biyu shi ne rage ƙona abinci. Ko mutum na kwance, jikinsa na ƙona kalori domin numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki. Ƙaramin jiki dama bukatarsa ba ta kai ta babba ba, amma bayan rage nauyi jiki kan ƙara tsuke hannu fiye da yadda girmansa ya nuna. Misalin da ya fi shahara shi ne na wata gasar rage ƙiba da aka riƙa nunawa a talabijin a Amurka. Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 14 da suka shiga gasar a 2009, suka buga sakamakon a 2016. A cikin mako 30 na gasar, sun rage kimanin kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara 6, kimanin kilo 41 sun dawo, sannan jikinsu na ƙona kalori kusan 500 a kullum ƙasa da yadda ake tsammani ga masu irin girmansu.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa dawowar ƙiba ba lalaci ko rashin haƙuri kaɗai ke kawo ta ba. Wanda ya rage nauyi yana fama da yunwar da ta fi ta da, alhali jikinsa na bukatar abinci ƙasa da na da. Idan ya koma ga yadda yake ci a baya, dole nauyin ya dawo. Ana ganin ƙaramin misalin haka a watan azumi, inda bincike ya nuna akan rage kimanin kilo 1, amma yawanci yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Duk tsarin cin abincin da ke da ranar farawa da ranar gamawa, amfaninsa kan ƙare ne tare da shi.

7.4 Darasi daga Waɗanda Suka Yi Nasara

Duk da wannan wahala, akwai masu yin nasara. A shekarar 1994 masana biyu, Rena Wing da James Hill, suka buɗe wata rajista a Amurka domin waɗanda suka rage aƙalla kilo 13.6 kuma suka tsare hakan na shekara guda ko fiye. Sama da mutum 10,000 ne suka shiga. Hanyoyin da suka bi wajen ragewa sun bambanta, amma ɗabi'un da suka riƙe bayan nan sun yi kama da juna. Kashi 90 cikin 100 na motsa jiki kimanin awa ɗaya a kullum, yawanci ta hanyar tafiya a ƙasa. Kashi 78 na karya kumallo kowace safiya. Kashi 75 na hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, domin su ga ƙaruwar nauyi tun tana ƙarama. Kashi 62 kuma kallon talabijin ɗinsu bai kai awa 10 a mako ba. Ya kamata a lura cewa waɗannan mutane su suka kawo kansu, don haka ba su wakilci kowa da kowa ba. Amma an lura da wani abin ƙarfafa gwiwa a tare da su, wato wanda ya tsare nauyinsa na shekara 2 zuwa sama, haɗarin komawarsa baya yakan ragu.

Bugu da ƙari, ba sai mutum ya zama siriri ne zai ga amfani ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya ƙunshi mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa. An buƙaci kaso ɗaya daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara 3, kamuwa da ciwon sukari a wannan kaso ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba maganin metfomin ta ragu da kashi 31 ne. Ke nan mai nauyin kilo 90 idan ya rage kilo 6 kacal ya kuma tsare hakan, ya yi wa lafiyarsa babban gata. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

7.5 Aiwatarwa da Abincin Gida

Tsare nauyi ba ya bukatar abincin kanti mai tsada. Tsarin da zai ɗore shi ne wanda aka gina a kan abin da ake dafawa a gida. Ga wasu matakai:

(a) Rage mai. Giram ɗaya na mai na ɗauke da kalori 9, alhali na sitaci da na furotin 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Don haka alala da dafaffen wake sun fi ƙosai sauƙi ga mai son rage nauyi, gasasshen nama da kifi kuma sun fi soyayyu.

(b) Rage sukari, musamman na sha. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100, wato kwalba mai rabin lita ta kai giram 50. Wannan kaɗai ya cika iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 ga babban mutum a wuni, wato ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorin da yake ci. Shayi da kunu da zoɓo da fura su ma sukan koma haka idan aka zambaɗa musu sukari.

(c) Gyara kason kwano. A rage malmalar tuwo ko shinkafa, a ƙara miyar ganye, da kwaɗon zogale ko rama, da wake, da kayan lambu. Gero da dawa da acca waɗanda ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki.

(d) Motsa jiki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako ga manya. Tafiya da sauri zuwa makaranta ko kasuwa, da tuƙa keke, da noma, da shara, duk sun shiga lissafi. Matar da ba ta fita na iya zagaya tsakar gida.

(e) Isasshen barci, wato awa 7 zuwa sama, domin ƙarancin barci na ƙara kwaɗayin abinci.

(f) Tafiya a hankali. Rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar.

Da yake a gidajen Hausawa tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma sau da yawa kwano ɗaya ake haɗawa, gyaran ya fi ɗorewa idan mai cefane da mai girki sun fahimci dalilinsa. Mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai juna biyu, da mai shayarwa, wajibi ne su tuntuɓi likita kafin su sauya abincinsu.

7.6 Matsayin Magunguna

A 'yan shekarun nan an sami magungunan da ke rage jin yunwa. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar semagulutayid domin rage ƙiba, bayan gwaji ya nuna masu yin ta sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, an tarar kashi biyu bisa uku na nauyin ya dawo cikin shekara guda. Wannan ya ƙara tabbatar da bayanin da ya gabata a 7.3. Irin wannan magani likita ne ke rubuta shi. Shayin rage tumbi da ake talla a kasuwa da kafofin sada zumunta kuwa, da yawansa gudawa ko yawan fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita daga jiki, kitsen na nan.

7.7 Rawar da Malami Zai Taka

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi da ƙiba ya fi kusa da zama babba mai ƙiba, saboda haka hana ta ya fi rage ta sauƙi. Sai dai malami ya yi hattara da abubuwa biyu. Na farko, a aji ɗaya ana iya samun mai ƙiba da kuma wanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar, don haka saƙon da ya dace shi ne cin abinci mai kyau da wasa da motsa jiki. Ba aikin malami ba ne ya umarci yaro da rage cin abinci. Na biyu, kada ya yi misali da jikin wani ɗalibi, kada kuma ya bari a riƙa kiran yaro lukuti ko mai tumbi, domin tsangwama kan sa yaro ya guji wasa ya koma gefe, abin da ke ƙara dagula matsalar.

7.8 Kammalawa

A wannan darasi an bayyana ma'anar ƙiba da yadda ake auna ta, an kuma duba matsayinta a tunanin Bahaushe. An nuna cewa jiki na ƙara yunwa ya kuma rage ƙona abinci bayan an rage nauyi, kuma wannan hali na iya ɗaukar shekaru. Saboda haka ma'aunin kowane tsarin rage ƙiba shi ne ko mutum zai iya rayuwa a kansa har tsufa, da abincin gidansu da kuɗin aljihunsa.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin ƙiba da teɓa da tumbi, tare da sanya kowace kalma cikin jimla.
2. Lissafa ma'aunin BMI na mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 72, sannan a faɗi rukunin da ya faɗa.
3. Yi bayanin matakai biyu da jiki ke ɗauka bayan an rage nauyi.
4. Kawo ɗabi'u huɗu na waɗanda suka yi nasarar tsare nauyinsu.
5. Fito da kalmomin aro guda biyar daga cikin darasin, a nuna yadda aka hausantar da su.

Jinga

Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare mai taken "Abinci da Lafiyar Jiki", tare da ambaton kayan koyarwar da za a iya samu a kasuwar garinku.